Kada Ku Cire Ƙyaure Don Kwaɗo Ya Ƙi Buɗewa



Akwai kalmomi biyu na Turanci da duk wanda ya taɓa hayar saba don ɗora shafin intanet ya haddace ko bai so ba: "Permission denied". Wato an hana ka. Kuma ba su cika zuwa da rana tsaka, lokacin da hankali ke kwance ba. Sai wajen ƙarfe ɗayan dare, an ɗauke wuta, cajin laftof ya kusa ƙarewa, data na tsiyaya ta wayar da ka jona, mai aiki kuwa ya kira sau huɗu yana tambayar ko shafin ya tashi. Ka buɗe fayil da nano, ka gyara layi ɗaya tak, ka zo adanawa, saba ta ce ba ka isa ba. Abin da ya fi ƙona rai, kai ka biya kuɗin hayarta, da dala ma kuwa.

A irin wannan lokaci hannu yakan riga hankali. Ka tura wa wani abokinka hoton allon, kafin minti biyu ya aiko maka da `sudo chmod -R 777`, ya ce ɗora sunan foldar a gaba ka danna. Ka danna, fayil ya adanu, shafi ya tashi, ka yi hamdala ka kwanta. Da a ce umarnin nan ba ya aiki, da ban ɗauki alƙalami ba. Illarsa ita ce kusan kullum yana aiki, nan take kuma. Mutumin da kwaɗon ɗakinsa ya cije, ya kira kafinta ya ɓamɓare masa ƙyauren gaba ɗaya, tabbas zai shiga ɗaki. Shi da akuyar maƙwabta.

Bari mu fara sanin gidan da muka kama haya. Abin da ake kira gajimare a wannan harka kwamfutoci ne na ƙarfe da waya, jere a manyan ɗakuna masu sanyi a birane irin su Frankfurt da Landan da Cape Town, kamfani kamar AWS ko DigitalOcean ya yanka maka yanki yana karɓar haya. Galibinsu Linux ne a kai, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Tsarin izinin da ke wahalar da ku kuwa ya girmi Linux. Gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A zamanin can kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Guda ɗaya jama'a ke rabawa, kowa da aikinsa a ciki, kowa da abin da ba ya so a taɓa masa. Sai aka tsara ta kamar gidan yawa: kowane ɗaki da mai shi, kowane sashe da mutanensa, ga tsakar gida ta kowa, ga kuma ƙofar da aka rubuta wa "ba shiga".

Za ku ce ai mu kaɗai ne a sabarmu. Ku buga `cat /etc/passwd` ku sha mamaki. Sabuwar Ubuntu da ba a ɗora wa komai ba za ta jero muku sunaye sama da ashirin, yawancinsu asusun manhajoji. Uku ne ruwanmu yau. Akwai root, mai lamba 0, mai gidan da ke yawo da tarin makullai a aljihu. Akwai ku, idan Ubuntu kuka ɗauka a AWS sunanku ubuntu, idan Amazon Linux ne ec2-user. Sai www-data, mai lamba 33 a Debian da Ubuntu, wanda da sunansa Nginx da Apache da PHP ke aiki. A dangin Red Hat sunan yakan zama apache ko nginx, amma aikin ɗaya ne.

Wannan www-data shi ne yaron gida da ake aika ya kai wa baƙi abinci zaure. Yini guda yana kai da komo, duk wanda ya yi sallama daga ko'ina a duniya shi ke fita ya amsa. Cikin masu sallamar akwai ɗalibin da ya zo duba sakamakonsa, akwai kuma na'urorin da ba sa barci, suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna tura ƙofofi ko za su dace da wadda ba a saka wa sakata ba. Ku leƙa /var/log/nginx/access.log bayan kwana ɗaya da kunna saba, za ku tarar ana neman wp-login.php da .env a shafin da ko ƙamshin WordPress bai taɓa ji ba. In akwai wanda za a yaudara a gidan nan, to yaron nan ne, don shi kaɗai ke hira da baƙi. Wane mai hankali ne zai damƙa wa ɗan aike makullin turaka da na rumbu?

Yanzu ku koyi karanta ƙofa kafin ku kai mata hannu. `ls -l` zai nuna muku layi irin wannan:

`-rw-r--r-- 1 root root 615 Jan 10 09:14 index.html`

Alamar farko ita ke gaya muku ko fayil ne, wato ɗan layin nan, ko folda, wato d. Taran da suka biyo baya kashi uku ne, uku-uku: na mai fayil, na rukuninsa, na sauran jama'a. A kowane kaso r izinin karantawa ne, w na rubutawa, x na tayar da fayil a matsayin manhaja. Sunaye biyun da ke gaba, na farko mai shi ne, na biyu rukuni. To ga amsar rikicin ƙarfe ɗayan dare a fili. Fayil na root ne, rukuninsa root, kai kuwa ubuntu ne, ba ka mallake shi ba, ba ka cikin rukunin. Ka faɗa kason jama'a, inda r kawai aka bar maka. Lafiyar saba lau. Da ma /var/www/html a hannun root take zuwa.

Lambobin da kuke gani lissafi ne da ɗan firamare zai iya: r huɗu, w biyu, x ɗaya, a haɗa. Shida karatu da rubutu, biyar karatu da x, bakwai duka. Kenan 644 na nufin mai shi ya karanta ya rubuta, sauran su karanta kawai. 640 ta kori jama'a gaba ɗaya. 777 kuwa ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama. Wani abin da ba a cika faɗa ba: Linux kaso ɗaya tak take dubawa. Idan kai ne mai fayil, a kasonka za ta tsaya, ko da an ba rukuni abin da ya fi naka.

A kan folda ma'anar haruffan ta sauya, kuma nan ne gwanaye ma ke tuntuɓe. r shi ne ka ga jerin sunayen abin da ke ciki, x shi ne ka ratsa ta ka wuce, w kuma ka ƙirƙiri fayil, ka sauya masa suna, ko ka goge shi. Ku riƙe wannan na ƙarshe da kyau. Goge fayil izinin folda yake nema, ba ruwansa da izinin fayil ɗin kansa. Wanda ke da w da x a kan folda zai iya share fayil ɗin root da ko buɗe shi ba ya iyawa, ya ajiye nasa da suna iri ɗaya. Shi ya sa /tmp, wadda ita ce tsakar gida, aka ƙara mata wata alama ta musamman, izininta ya zama 1777, don kowa ya zuba nasa amma kada wani ya kwashe na wani.

Batun x kuma, ko ɗaki a wangale yake, wanda aka tare a zaure ba zai kai gare shi ba. Tun daga Ubuntu 21.04 foldar gida ta kowane sabon asusu da 750 take zuwa, ma'ana www-data ba ya iya ratsa /home/ubuntu. Na sha ganin yaro ya ajiye shafinsa a can, Nginx ya ba shi 403, ya yi wa foldar shafin 777, har yanzu 403, ya rasa ta cewa. Ƙofar da ta tare shi tana can baya, shi kuma yana ta dukan ta ciki. Da ya buga `namei -l` tare da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, da ta jero masa kowace ƙofa tun daga bakin titi, da mai ita da izininta, ya ga inda aka tsaya. Ni dai duk lokacin da aka hana ni, abu uku nake bugawa kafin in taɓa komai: `id` in san ko ni wane ne a idon saba, `ls -l` in san na wane ne fayil, `namei -l` in san wace ƙofa ce a rufe. Idan kuma shafin ne aka hana ba ni ba, sai in karanta /var/log/nginx/error.log, inda lamba 13 ke nufin an hana izini, ga kuma sunan fayil ɗin a gefe. Duka wannan bai kai minti ɗaya ba.

Wani ƙanena a harka, ba zan kama suna ba, ya gina wa wata makaranta mai zaman kanta shafin duba sakamako. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, aikinsa kuma tsaf. Akwai wurin da ɗalibai ke ɗora hoton fasfo, nan ya sami tangarɗa: hoto ya ƙi hawa, don www-data ba shi da izinin rubutu a foldar hotuna. Maimakon ya buɗe wannan folda ɗaya, sai ya zuba wa shafin duka 777. Bayan 'yan makonni shugaban makarantar ya kira shi rai a ɓace, wai iyaye sun nemi sunan makaranta a Google sun ga tallan caca. Ya zo mini da laftof a ƙarƙashin hammata, fuska duk ta yi fari-fari, ya ce, "Yaya, wallahi ban ba kowa kalmar sirri ba." Gaskiya ya faɗa. Muka zauna a kan tabarma bayan isha'i muka nemi fayilolin PHP da aka taɓa kwanan nan. Sai ga wani a tsakiyar hotunan yara, sunansa ya fara kamar na hoto ya ƙare da .php. Fom ɗin ba ya tantance abin da ake ɗora masa. Daga wannan fayil ɗin aka bi aka liƙa wani dogon layi na haruffa marasa kan gado a saman index.php, da saman wasu fayiloli da dama, har muka gaji da ƙirga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a fom take. Amma 777 ce ta sa da ya shigo ya tarar da kowane ɗaki ba ƙyaure.

A nan ina so in gyara muku fahimta biyu, don dukansu ana yawo da su. Wasu na cewa da ka yi 777 kowa a intanet zai iya rubutu a fayil ɗinka. Ba haka abin yake ba. "Sauran jama'a" na nufin sauran asusun da ke cikin sabar, dole sai mutum ya fara samun hanyar shiga ta hannun ɗayansu. Wasu kuma, da suka ji ana zagin 777, sai suka koma `chown -R www-data:www-data` a kan shafin duka, suna ganin sun waye. An gudu ba a tsira ba. Wanda kuke tsoron a yaudara shi kuka naɗa mai gida. Yanzu yana iya sake rubuta kowane layi na manhajar da yake tafiyarwa. Kuma kada ku dogara da cire x a foldar hotuna, don PHP karanta fayil kawai take yi ta aiwatar, ba ta neman x. Sai kun shiga saitin Nginx ko Apache kun hana tafiyar da PHP a wannan folda.

Tsarin da na zauna a kai shi ne: ni in mallaki fayiloli, ɗan aike ya gani ya ɗauka, bare kuwa ko leƙe kada ya yi.

`sudo chown -R ubuntu:www-data /var/www/makaranta`

`sudo find /var/www/makaranta -type d -exec chmod 2750 {} +`

`sudo find /var/www/makaranta -type f -exec chmod 640 {} +`

Na raba folda da fayil ne da gangan, domin folda na bukatar x, fayil kuwa galibi ba ya bukata. `chmod -R` da lamba ɗaya kuɗin goro take yi musu. In akwai 'yan fayilolin da ake tayarwa kai tsaye, ku mayar musu da x ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Biyun da ke gaban 750 ita ake kira setgid, aikinta duk sabon abin da aka ƙirƙira a foldar ya gaji rukuninta, don kada gobe ku ɗora sabon fayil ɗan aike ya kasa karanta shi. Bayan wannan sai ku buɗe wa www-data wuraren da lallai sai ya yi rubutu, su kaɗai, da `sudo chmod -R g+w`. A WordPress wp-content/uploads ne. A Laravel storage ne da bootstrap/cache. Na san da wannan tsari WordPress ba za ta iya sabunta kanta da danna maɓalli ɗaya ba, kuma wasu za su ga takura ce. Ni na gwammace in riƙa sabuntawa da WP-CLI da asusuna, da in bar wa kowane ƙaramin fulogin da wani ya rubuta ya watsar ikon sake mini gini.

Akwai ɗan rami a nan da ya taɓa cin ƙafata. Izinin da sabon fayil ke zuwa da shi `umask` ke yanke shi. Ku buga ku gani. A Ubuntu sau da yawa 002 za ku tarar, wato sabon fayil zai fito da 664. Ku haɗa wannan da setgid, sai ga shi duk fayil ɗin da kuka ɗora www-data na iya rubutu a kansa, ku kuna can kuna ganin kun kulle. Ko dai ku mayar da umask 027, ko ku riƙa maimaita layukan find ɗin nan, da na `chmod -R g+w` a wuraren rubutu, bayan kowane ɗori. Ta ɗaya gefen kuma, hotunan da www-data ya ajiye nasa ne, wata rana za ku so gogewa a hana ku. `setfacl` na maganin wannan, yana ba asusunku izini na dindindin a foldar. Idan kuwa kuka zaɓi shiga rukunin da `usermod -aG www-data ubuntu`, kada ku kuskura ku manta da ɗan a ɗin nan. Babu shi, za a cire ku daga duk sauran rukunanku, har da na sudo in ta nan kuke samun iko. Sabon rukuni kuma ba ya kamawa sai kun fita kun sake shiga. Masu aiki da VS Code daga nesa, ku sani yana barin wani ɗan aikinsa a kunne a cikin sabar, wanda zai ci gaba da tsohon matsayi har sai an kashe shi an tayar.

Da zarar fayiloli sun koma hannunku, FileZilla da WinSCP da VS Code duk za su daina kuka, ba tare da kun buɗe wa root ƙofar SSH ba. Wannan buɗewar ita ce ɗaya gajeriyar hanyar da ake bi, kuma ban yarda da ita ba. Sunan root kowa ya san shi, shi masu gwada kalmomin sirri ke fara gwadawa.

Sai batun sudo, wanda wasunku suka mayar kamar bisimilla, ba a fara layi sai da shi. Duk abin da ka ƙirƙira da sudo na root ne. Ka yi `sudo git pull` yau, gobe git ɗinka na yau da kullum ya ƙi tafiya. Ka yi `sudo npm install`, ka cika folda da dubban fayilolin da ba naka ba. Mafi ban haushi a cikinsu na Laravel ne. Idan an saita ta ta buɗe sabon fayil ɗin rahoto kowace rana, aikin cron kuma yana tafiya da sunan root, to da dare ya raba cron ne zai riga kowa rubutu, fayil ɗin ranar ya zama na root. Gari ya waye www-data ya zo rubuta nasa a hana shi, shafi ya faɗi da 500. Ka gyara da rana, ka kwanta, gobe ya dawo, har ka fara tunanin ko sammu aka yi maka. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kan shi ne a tafiyar da aikin da sunan wanda ya dace, da `sudo -u www-data`, ko a sa shi a cron ɗin www-data.

Fayilolin /etc kuwa na root ne, kuma a hannunsa ya kamata su zauna. Kada ku yi musu chown don sauƙin gyara. `sudoedit` aka yi domin su: zai ba ku kwafi ku gyara da asusunku, ya mayar da shi wurinsa da kun gama. In kuma kun taɓa mamakin yadda `sudo echo` da alamar > ke ƙin rubutu duk da sudo, dalilin shi ne taminal ɗinku ce ke buɗe fayil ɗin da sunanku tun kafin sudo ya motsa. Ku tura rubutun ta `sudo tee` a maimakon haka.

Kada ku ɗauka ni wankakke ne. Wata rana an kira magariba, ina so in ƙarasa kafin a tayar da salla, na buga `sudo chown -R ubuntu:ubuntu / var/www/shafi`. Ku duba da kyau. Akwai ɗan fili tsakanin layin farko da var, babban yatsana ne ya taɓa dogon maɓalli ban sani ba. Abin da saba ta ji shi ne, mayar da komai, tun daga tushe, hannun ubuntu. Aikin daƙiƙa ɗaya na ga ya ƙi ƙarewa, allo ya fara zubo ƙorafi a kan /proc. Gabana ya faɗi, na danna Ctrl da C, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na ce bari in gyara da sudo. Sudo ya ce shi ba ya aiki sai yana hannun lamba 0 kuma da alamar setuid a jikinsa. Ita wannan alama, wadda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro har aka ba shi takardar mallakar fasaharta a 1979, ita ke sa manhaja ta yi aiki da ikon mai ita maimakon na wanda ya kira ta, kuma chown na goge ta. Ga root a Ubuntu ba shi da kalmar sirri da zan shiga da ita. Garin gyaran gira na rasa ido. Ban ɗauki hoton faifai ba, wato kwafin ajiya na sabar, kafin in fara, saboda haka daren nan sai da na kwashe rumbun bayanai tun yana numfashi, na kama sabuwar saba na sake gini daga tushe. Asuba ta same ni a zaune. Tun daga ranar, in dai layi na ɗauke da sudo da -R tare, sai na cire hannu daga madannai na karanta shi sau biyu, hanyar folda kuma maɓallin Tab nake bari ya ƙarasa mini. Ku sani `rm` na ƙin taɓa tushe da kansa, amma chown da chmod ba sa ƙi sai an ƙara musu `--preserve-root`. Hoton faifai kuwa kuɗinsa bai kai darajar barcin dare ɗaya ba.

SSH na da nasa hali, shi buɗewa da yawa ce ke ɓata masa rai. Mabuɗin sirrin da kuka sauko da shi, in wasu na iya karanta shi, zai yi muku gargaɗi da manyan baƙaƙe ya ƙi amfani da shi. 600 ko 400 yake so. A cikin sabar kuma foldar .ssh 700, authorized_keys 600. Wanda ya yi wa foldar gidansa 777 zai fita lafiya, ya dawo ya tarar SSH ya daina karɓar mabuɗinsa, ya kulle kansa a waje da hannunsa. Don haka in kuna taɓa wannan yanki, ku bar taga ɗaya a buɗe, ku gwada shiga ta wata kafin ku rufe ta farko. Masu WSL a Windows, chmod ba ya kama mabuɗin da ke zaune a /mnt/c in ba a sauya saiti ba. Ku kwafe shi zuwa gidanku na Linux.

Wani lokaci izini daidai, mallaka daidai, amma ƙofa ta ƙi. Ku sake karanta saƙon, don ba duk hani ne iri ɗaya ba. In root ma an ce masa "Operation not permitted", ku duba `lsattr`, wataƙila an sa wa fayil alamar i da ke hana kowa taɓa shi. In an ce "Read-only file system", faifan ne ya koma karatu kawai, sau da yawa don ya sami matsala, chmod dubu ba za ta motsa shi ba. A Rocky Linux da Fedora da Red Hat akwai mai gadi na biyu, SELinux, wanda ke duba lakabin fayil. Wanda aka kawo da `mv` daga gida yana zuwa da tsohon lakabinsa, `ls -Z` zai nuna, `restorecon` ya gyara. Kashe mai gadin gaba ɗaya ɗan'uwan 777 ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Docker kuma ku tuna saba lamba ta sani, suna riga ce kawai: mai lamba 33 a cikin kwantena shi ne mai lamba 33 a waje, kwantenar da ke tafiya da root kuwa fayilolin root za ta bar muku a folda. `ls -ln` zai tuɓe rigar ku ga lambobin.

Idan kun gama gyara, kada ku tsaya a kan cewa shafi ya buɗe, don da 777 ma yana buɗewa. Ku ari rigar ɗan aike ku gwada ƙofofin da kanku. `sudo -u www-data touch /var/www/makaranta/uploads/gwaji` ya kamata ya wuce shiru, sai ku goge gwajin. Sannan ku maimaita shi a babbar foldar, inda index.php yake. A nan so ake saba ta ce muku "Permission denied". In ta yi shiru fayil ya samu, akwai ƙyauren da ba a mayar ba tukuna, ku koma kan `namei -l` ku nemo shi kafin ku kwanta.